Waken Rumfa a Gidan Haya

Har zuwa shekarar da muka koma Gusau, wato alif ɗari tara da casa'in da takwas, ban taɓa shuka komai da hannuna ba, duk da cewa 'yar manoma ce ni. A Bungudu aka haife ni. Gonar babana tana hanyar Furfuri, amma mu 'ya'ya mata iyakarmu da ita kai abinci da roron gyaɗa. Shuka ɗaya ce tak a cikin gidanmu, ita ma ba mai taɓa ta sai kakata, mahaifiyar babana, wadda duk mu jikoki muke ce wa Tsohuwa.

A ƙofar ɗakinta akwai rumfa, kowace damina wake yakan hau ta ya rufe ta ruf. Ba irin waken gona ba ne. Waken rumfa ne, mai faɗi kamar farcen babban yatsa, fari da zane-zanen ja. Kwasfarsa a lanƙwashe take kamar ƙaramin lauje. Akwai wasu gidaje a unguwarmu da ke da waken rumfa, amma nasu ƙanana ne, ga ɗaci. Tsohuwa ta ce nata daga gidan uwarta ta zo da shi. Kowace shekara takan ware iri ta cuɗa da toka, ta zuba a wata 'yar tukunya, ta liƙe bakin da laka ta tura ƙarƙashin gado.

Bayan aurena na zauna a Tsafe, garin maigidana, a gidan iyayensa. Shi gyaran injin ban-ruwa da janareto yake yi. Da ya sami shago a Gusau sai ya kama mana haya a Tudun Wada, ni kuma, da yake koyarwa nake yi, aka mayar da ni wata firamare a can. Kafin mu tare na je Bungudu sallama. Bazara ce, ana ta gyaran gonaki. Tsohuwa ta riga ta buɗe bakin tukunyarta don shukar bana. Ta kira ni ɗaki, ta ɗebo cikin tafin hannu guda, ta ƙulle mini a bakin mayafi.

“Ungo,” in ji ta. “In da ƙasa gidan naku na birni, ki sa. In babu, ki dahwa ki ci, kar ki bari ƙwari su riga ki.”

Na ce, “Tsohuwa, ni da ban san kan shuka ba?”

“Shi ya san kan kainai. Ke dai ba shi abin hawa.”

Gidan da muka kama na wani Alhaji ne mai sayar da hatsi, shi yana zaune a wata unguwa. Mu magidanta uku ne a ciki. An shafe tsakar gida da siminti duka, sai wani ɗan zirin ƙasa a jikin katangar baya, kusa da inda muke wanke-wanke. Faɗinsa bai kai tabarma ba. Da na sa fartanya sai ga fasassun bulo da gwangwanaye da tsofaffin batura. Na yi yammaci da dama ina tsince su bayan na dawo daga makaranta. Maƙwabciyata ta ɗakin kusa, wadda ake kira Maman 'yan biyu, tana kiwon awaki a bayan gida, ita ta ba ni taki. Tana ta dariya tana cewa malama ta zama manomiya.

Da ruwa ya zauna na yi ramuka na zuba. Ban rage ko ƙwaya ɗaya ba, don ban ga dalilin ragewa ba. Kullum kafin in tafi aiki sai na tsuguna na duba. Ranar da na ga ƙasa ta tsage, wani abu kore ya turo a sunkuye da hular ɓawo a kansa, na kira maigidana daga ɗaki ya zo ya gani. Ya duba ya ce, “To, ma sha Allah. Sai a nemo mashi sanduna.” Shi ya haɗa 'yar rumfa da guntayen katako da kara, ya jingina ta da katanga. Ba ta da tsawo, sai mutum ya duƙa zai shiga.

Waken ya kama. Yaɗonsa yakan nannaɗe sanda ta gefe guda kullum, in na juya shi ta ɗaya gefen, washegari sai in tarar ya warware ya koma yadda yake so. Wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari suka taru a kan tohon. Na tuna yadda Tsohuwa take yi, na riƙa barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, wani lokaci in jiƙa dakakken ganyen dogon yaro in yayyafa. Kafin tsakiyar damina ya rufe rumfar, ya haura katanga yana leƙa gidan baya.

A cikin watan Agusta aka yi wani ruwa mai naci, ya ɗauke ya dawo, ƙasa ba ta samun shan iska. Wata rana maigidana ya dawo da azahar, abin da ba ya yi. Ya ce wani direban motar Bungudu ya tsaya shagonsa da saƙo daga babana: ɗakin Tsohuwa ya faɗi, amma ba wanda ya ji ciwo. Tana ɗakin innata ana tsinkar zogale lokacin da bangon ya zube.

Washegari na tafi. Lokacin wahalar mai ce, sai da na daɗe a tasha kafin mota ta cika ta tashi. Na tarar da ɗakin ya zama tudun laka. Bangon gaba shi ya kwanta a kan rumfar, ya danne waken tun daga tushe. Maza sun tono gado da akwati da 'yan kwanuka. Tukunyar iri ta fashe, ɗan abin da ya rage a ciki ya jiƙe ya ruɓe.

Tsohuwa tana zaune a ɗakin innata, ta miƙe ƙafafu. Na yi mata jaje. Ta ce an gode Allah da ya tsaya ga ɗaki. Sannan ta ce, “Ɗaki ana gina wani. Wanga wake kuwa, tun ina yarinya nika ganinai. Ga shi ga hannuna ya ƙare.”

Na ce, “Bai ƙare ba, Tsohuwa. Wanda kika ba ni na shuka, ya rufe rumfa.”

Ta juyo ta dube ni sosai. “Kin shuka? Na ɗauka kin dahe.”

“Na shuka duka.”

“Ya yi hure?”

“Bai yi ba tukuna.”

“To ki riƙe shi da kyau,” in ji ta. Ba ta ƙara magana a kai ba, sai ta shiga tambayata lafiyar mutanen Tsafe.

A mota ina komowa na ji abin ya yi mini nauyi. Da can wasa nake yi da shi, yanzu kuwa ya zama amana.

Ban yi mako da dawowa ba sai ga wata matsalar. Ina makaranta Maman 'yan biyu ta je ɗaukar bokiti a gindin rumfar, ta ga wani siririn koren maciji a cikin ganye. Kafin a kawo sanda ya bi katanga ya tafi. Ba zan ga laifinta ba. Tana da yara masu rarrafe, kuma ƙanenta maciji ne ya yi ajalinsa a ƙauyensu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Mijinta ya kai magana wurin Alhaji mai gidan.

Da la'asar Alhaji ya zo. Aka yi masa iso, ya shigo da maigidana, ya zagaya ya duba. Ya taɓa katanga ya ga ta yi danshi, har siminti ya fara ɓamɓarewa a ƙasan ganyen.

“Malam, a sare wanga abu,” in ji shi. “Ga maciji, ga katanga tana shan ruwa. Gida na ba ku, ba gona ba.”

Maigidana mutum ne mai kunyar manya. Na ga ya sunkuyar da kai, na san “to” zai ce. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ban saba sa baki a maganar maza ba, amma ranar na gyara mayafi na fito na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, “Baba Alhaji, gidanka ne, abin da ka ce shi za a yi. Sai dai ina roƙon ka ji yadda abin yake.” Na gaya masa inda waken ya fito, da abin da ya sami ɗakin Tsohuwa. Na ce in aka sare wannan, irin ya ƙare ke nan. Na ce a ba ni zuwa ɗaukewar ruwa, ni kuma zan raba shi da katanga, in ɗaga shi sama yadda ba abin da zai ɓuya a ƙasansa.

Alhaji ya tsinki ganye guda ya murza ya sansana. Mai hatsi ne, ya san iri.

“Hwari na ko ja?”

“Fari ne mai zanen ja, mai faɗi.”

“Rabona da ganin irinai tun uwata tana da rai,” in ji shi. Ya dubi Maman 'yan biyu da ke tsaye da goyo. “Ke mi kic ce? Ke ad da ƙanana.”

Ta ce, “Ni dai in zan riƙa ganin ƙasa fili, ba duhu, shi ke nan. Ban san na kakarta ne ba.”

Alhaji ya ce ya ba mu zuwa Juma'a ta sama. In ya dawo ya tarar da ganye ko ɗaya a jikin katangarsa, da kansa zai sa adda.

Dogayen dirkoki muke bukata, masu baki biyu, a Gusau kuwa sai an sha nema. Maigidana ya tafi Tsafe ya gaya wa mahaifinsa. Surukina bai ce abin yara ba ne. Ya ɗauki gatari ya shiga gonarsa da ke gindin dutse, ya saro masu kyau, ya haɗa da dauri guda na karan dawa da igiyar rama. Motocin fasinja suka ƙi ɗauka, don ɗan wurin da ke akwai mutane ake cusawa. A kan wata motar masara maigidana ya ɗora su, shi ma ya hau can sama, ya iso gida da yamma duk jikinsa ƙaiƙayi. Surukata ta aiko da saƙo, wai a gaya wa malama in waken ya yi kar a manta da waɗanda suka ba da ƙafafun rumfa.

Kafa sabuwar rumfar ba wuya. Wuyar ita ce ɗaga waken daga tsohuwar zuwa sabuwar ba tare da ya karye ba. Maigidana ya haƙa ramuka nesa da katanga, ya kafa dirkokin, sun fi tsawon mutum. Sannan muka shiga warware yaɗo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya haura katanga ya riƙe gam, dole na yanke shi, raina yana ɓaci. Sauran kuwa sai an tallabe shi gaba ɗaya kamar za a ɗaga mara lafiya. Hannu biyu ba su isa ba, huɗu ma ba su isa ba. Maman 'yan biyu ta ajiye tsintsiya ta zo ta kama gefe guda. Matar ɗaki na uku, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, ita ma ta fito ta kama. Mu uku muka ɗaga, maigidana yana kan turmi yana karɓa yana ɗaurewa. Da muka gama na tsige duk ganyen ƙasa, na share wurin tas, na zuba yashi.

Washegari waken ya yi laushi, ganye duk ya langaɓe. Na kasa karin kumallo. Na riƙa ba shi ruwa a gindi safe da yamma, ina yi masa addu'a kamar mutum. Wasu rassan suka bushe. Amma kafin Alhaji ya dawo sabon toho ya fito a sama. Ya zo ya duba katangarsa, ya shiga ƙarƙashin rumfar a tsaye ba tare da ya cire hula ba, ya ce, “Yanzu kam an yi aiki.”

Furen ya zo a ƙarshen damina, ƙanana farare, zuma tana ta zarya. Da yawa sun zube, har na tsorata, sai daga baya na ga 'yan kwasfa sirara suna saukowa ta tsakanin kara. Rumfar ta zama wurin zaman matan gidan da rana. A nan ake tsefe kai, a nan 'yan biyu suka fara tafiya.

Na bar mafi kyawun kwasfa a wurin da rana take bugawa, na ɗaura musu tsumma don kowa ya san na iri ne. Sauran na jira har suka cika. Yadda ake ganewa shi ne ka ɗaga kwasfar ka duba ta a haske, za ka ga inuwar ƙwayar a ciki, in ka latsa kuma ka ji ta tsaya. Wata Asabar da hantsi na tsinko cikin kwarya. Muka zauna muna ɓarewa. Ɗanyen bai yi fari ba tukuna, kore-kore ne mai sheƙi, zanen jan bai gama fitowa ba. Warinsa na ɗanyen ganye yakan daɗe a hannu.

Kananzir ya yi wuya a lokacin, don haka a murhu na dafa, da itace. Na fara tafasa shi tukunya a buɗe, na tsiyaye ruwan farko na zubar. Wannan ba a ƙetare shi ga waken rumfa, in ba haka ba yakan yi bauri ya kuma juya ciki. Na mayar da sabon ruwa da gishiri. Ɗanye ba ya son kanwa, ba ya kuma daɗewa kamar busasshe. A wata tukunyar na soya albasa da man gyaɗa, na zuba jajjagen tattasai da tarugu, da daddawa wadatacciya. Da waken ya yi laushi har yatsa yana murje shi, na juye shi a ciki, na rage wuta, na bar su suka kama juna. Da zan sauke na sa ɗan man shanu.

Da hoce, wato gurasar garin dawa, muka ci. Cikin waken gari-gari ne mai laushi, da ɗan zaƙi a ƙarshen harshe, irin wanda busasshen wake ba ya da shi. Na zuba wa kowane ɗaki. Na cika kwano mai murfi maigidana ya kai wa Alhaji rumfarsa ta kasuwa. Ya dawo yana dariya, ya ce Alhaji bai yi wa kowa tayi ba, ya juya wa abokan ciniki baya ya cinye, sannan ya ce a tambaye ni ko za a sam masa iri. Shi kansa maigidana sai da ya suɗe kwano, sannan ya ce, “Ashe wahalar motar masara ba ta faɗi banza ba.” Tsinka ta biyu Tsafe aka kai, ɗanye a cikin kwasfarsa.

Tsinka ta uku na ɗauka na tafi Bungudu. An riga an fara gina wa Tsohuwa sabon ɗaki, bango ya kai ƙirji. Na zazzage kwasfar a faifai a gabanta. Idonta ya yi rauni a lokacin, da hannu ta fi gani. Ta ɗauki guda ta shafa, ta ɓare, ta mirgina ƙwayar a tafinta.

“Shi na,” in ji ta.

Na ce zan dafa mata. Innata ta miƙe za ta karɓe ni, Tsohuwa ta ce a'a, a bar mai gona ta dafa abinta. Ta sa aka jawo mata tabarma kusa da murhu, tana sauraren duk abin da nake yi. Da ta ji na tsiyaye ruwan farko sai ta gyaɗa kai. Da na kawo mata ta ci loma ta farko a hankali.

“Tarugu ya yi yawa,” in ji ta. “Ku mutanen birni ba ku barin abu ya yi maganar kainai.”

Ta ci gaba da ci. Da kwanon ya ƙare ta miƙo mini shi ta ce a ƙaro, a kankaro na gindin tukunya. Babana ya shigo daga gona ana cikin haka. Shi ba mai yabo ba ne, ban taɓa jin ya ce wa ɗayanmu ya yi ƙoƙari ba. Ya zauna aka zuba masa. Ya tambaye ni yadda na yi da ƙwari, da irin takin da na sa, da nisan da na bari tsakanin ramuka. Tambayoyi yake yi mini irin waɗanda yake yi wa abokansa manoma a ƙofar gida. Na riƙa ba shi amsa, ina jin kaina yana ƙara tsawo.

Na iri sun bushe bayan ruwa ya ɗauke sosai. In ka girgiza kwasfar sai ka ji tana kaɗawa. Na tsinke su kafin su fashe da kansu, na shanya, na ɓare. Sun fito farare tas da zanensu. Na raba: kaso mafi yawa na Bungudu, sai na Tsafe, sai na Alhaji, sai nawa. Maman 'yan biyu ma ta karɓi kaɗan ta aika wa uwarta.

Da damina ta zagayo, babana ya aiko a gaya mini Tsohuwa ta ce ba za a shuka ba sai na zo. Na je ranar da ba makaranta. An kafa sabuwar rumfa a ƙofar sabon ɗaki, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi. Ta fito da sandarta tana dogarawa. Ita take soka sandar ta yi rami, ni ina binta a duƙe ina jefa iri ina rufewa da diddige. Ƙannena mata suna tsaye suna kallo, ta kira su ta ce su matso su ga yadda yayarsu take yi.

Da muka kai ramin ƙarshe ta ce ƙafarta ta gaji. Na kai ta inuwa ta zauna, na ɗebo ruwa a randa na wanke mata hannu, na wanke nawa. Innata ta kawo fura muka sha. Da la'asar babana ya ɗauki jakata ya raka ni bakin titi, muka tsaya muna hirar ruwan bana har mota ta zo.